Zagayawar da Ta Kai Mu Har Binin

Tun da muka dawo ban huta ba. A gidan suna a tare ni, a Islamiyya a tare ni, jiya har a bakin famfo wata ta riƙe min mayafi, wai sai na gaya mata ko gaskiya ne ni da Yaya Malam mun ƙetare iyaka don kawai mu zagaya. To ku zauna, sau ɗaya zan faɗa. Wadda ta san dariya za ta hana ta ji, ta tashi tun yanzu ta ba wata wuri.

Kun dai san gidanmu na Ƙofar Gayan, ginin ƙasa ne na tun kakanni, da babban soron nan a gaba. Tun da maigidana ya rasu na dawo gida, a soron nake sauke baƙi masu zuwa kallon ganuwa da tsofaffin gine-gine, ɗaliban zane, wani lokaci har Turawa. In dafa musu, in yi musu shimfiɗa, da haka nake rufa wa kaina asiri. Shi kuwa Yaya Malam, wanmu, wanda maganar gidan take hannunsa tun rasuwar Baba, ya gaji. Ya ce kullum shekara yaɓe, baƙin kuma ba sa barin komai sai tulin robar ruwa da leda a lungu. Har ya yi magana da wani magini, a rushe soron a jera shagunan bulo. In soron ya tafi, sana'ata ta tafi. Ga shi kuma gyaransa na ƙarshe Baba ne ya cura tubalinsa da kansa, da hannun nan nasa na dama da ƙofar mota ta cinye wa yatsan tsakiya.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga waya daga ƙasar Binin. Wata Madam Odil ce, da ta taɓa sauka a wurina, ita ma tana da masaukin 'yan yawon buɗe ido a gindin wasu duwatsu can arewacin ƙasarsu. Ba ta jin Hausa, don haka tafintanta ne ya yi magana, wani Bawa, tsohon ɗan fataucin goro. Tsautsayi ya sa na buɗe muryar wayar a tsakar gida, Yaya Malam na zaune kan tabarma.

Bawa ya ce, "Hajiya, Madam ta ce ki zo ki ga yadda muke zagayawa. A nan komai zagayawa yake. Ta ce in kin iya zagayawa, gidanki ba zai faɗi ba."

Yaya Malam ya sauke tabarau ya dube ni. Ya ce, "Lami, da girmanki, da jikokinki, sai yanzu za a koya miki?"

Sai da 'yata ta dawo daga makaranta ta warware mana. Ta ce wata hanya ce ta tafiyar da sana'a yadda ba a zubar da komai, sharar wannan ta zama abincin wancan, abu ya zagaya ya dawo ya sake amfani. Ni dai na ji an ce gida ba zai faɗi ba, na ce zan je. Sai maganar muharrami ta taso, ɗana yana can Kudu wurin aiki, aka duba aka duba, babu kowa sai mutumin da yake so ya rushe min soro. Ya ce, "Zan raka ki don kada a ce na saki ƙanwata cikin duniya. Amma muna dawowa magini zai fara, sai fa in na ga abin da ya sauya min ra'ayi. Ba na kuma jin zan gani."

Na ƙulla guzuri, dambun nama da ƙuli-ƙuli da dabino, kowanne a ledarsa. Shi kuma ya ɗauki sandarsa da butarsa ta roba, shuɗiya, wadda ko Makka da ita ya je.

Motar da muka shiga daga Kwantagora, wallahi gawar motoci ce aka harhaɗa. Ƙofar gaba ja, ta baya fara, kujerarmu bencin makaranta ne aka ɗaure da igiya. In ta yi zafi sai direba ya tsaya ya fasa mata ledar ruwa a baki, ya sha ragowar, ya wurgar da ledar a titi. Yaya Malam ya ce ai ga zagayawar nan mun gani a kyauta, mu juya gida mana. Na yi kamar ban ji ba. Buhun albasa na kan ƙafata har muka isa iyaka, na sauka ina tafiya kamar agwagwa.

A iyaka ne aka fara yi mana dariyar da har yau ba a daina ba. Wani jami'i mai jin Hausa ya karɓi takardunmu ya ce, "Baba, me za ku je yi a can?" Shi Yaya Malam aikin kotu ya yi har ya yi ritaya, ba ya iya ƙarya ko ta ceton rai. Kafin in buɗe baki ya ce, "Zagayawa za mu je."

Jami'in ya nuna da biro. "Ga shi can bayan ofis, Baba, ba sai da fasfo ba."

"A'a, a can ƙasar za mu yi."

"Daga ina kuke?"

"Daga Zariya."

Mutumin ya ajiye biro a hankali. "Tun daga Zariya kuke riƙe da shi?"

Ya kira abokan aikinsa, aka sake sa Yaya ya maimaita. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Suna buga mana hatimi suna sharar hawaye, ɗaya har da rakiya, yana cewa Allah ya sa a samu sauƙi.

Can ƙetare kuwa duniya ce daban. Mata ne kan babura, da goyo a baya da kwando a ka, suna tsala gudu ba ruwansu da kowa. Burodinsu dogo kamar taɓarya, ga tauri, shayi kuma a kwano ake ba ka. Kowa Faransanci, shi kuma Yaya Malam ya ɗauka in ya ɗaga murya da Turancinsa na kotu za su gane, haka ya yi ta yi wa masu shayi tsawa suna ce masa madalla da yarensu. Bawa ya tarye mu a tasha, wani siriri mai jan haƙora. Hausarsa ta zango ce, shi a wurinsa zagayawa zagayawa ce kawai, bai san abin da muke nufi da ita a Zariya ba. Da fara'arsa ya ce, "Sannunku da zuwa, yau za ku zagaya ku more."

A ƙofar masaukin Madam Odil ta rungume ni kamar 'yar uwa. Nan take wata ma'aikaciya ta buɗe jakata ta kwashe duk wata leda, ta juye min dambu da ƙuli a ƙore. Wai leda da roba ba sa shiga gidan. Da idonsu ya kai kan butar Yaya, sai ya rungume ta a ƙirji ya ce tare suka zo, tare za su koma. Aka ƙyale shi.

Gaskiya wurin ya burge ni. Ɗakunan na ƙasa ne kamar namu, tagoginsu kwalabe ne aka jera cikin bango, rana na shigowa kore da ruwan ƙasa. Gadon da na kwanta tsohuwar ƙofa ce. Sabulunsu da toka da ragowar man suya suke haɗa shi, na fito wanka ina ƙanshin ƙosai. Ruwan wankan ba ya tafiya banza, gindin ayaba yake bi. Ragowar abinci a ba tsutsa, tsutsa a ba kaji da kifi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne baƙin. Turawa ne da 'yan birni, sun baro gidajensu masu sanyi sun zo sun biya don a miƙa musu taɓarya su daka sakwara. Mu a Zariya ki ba baƙo taɓarya, ai sai unguwa ta yi shekara tana zancenki.

Da yamma aka kawo sakwarar da miyar gyaɗa da naman zabo, ga soyayyen cuku a gefe. Yaya Malam ya ci, ya ƙara, ya suɗe hannu. Ya ce, "Lami, in ba ki koyi komai ba, ki koyi miyar nan." Raina ya yi fari, na ce a zuci soro ya tsira.

Kashegari aka zagaya da mu, zagayawa ta gaskiya nake nufi, da ƙafa. Muka shiga madafi, tsaf, babu hayaƙi, wuta shuɗiya tana ci ƙarƙashin tukwane. Yaya ya leƙa nan ya leƙa can ya ce ina tukunyar gas ɗin? Bawa ya ce ba sa saye, nasu na gida ne. Shi ke nan, jinin kotu ya motsa. Ya ɗora sandarsa kan bututun ya fara binsa. Ya bi shi ya fita madafi, ya ratsa tsakar gida, ya wuce lambu, mu da Turawa muna biye, har zuwa wani rufaffen rami mai murfin siminti. Daga ramin hanya biyu ce ta fita. Ɗaya ta nufi garken shanu. Ɗayar kuwa ya bi ta da sanda, taku bayan taku, har ta kai shi bayan ɗakinsa, daidai ban ɗakin da ya shiga da safe.

Ya tsaya. Ya ce, "Bawa, wannan fa?"

Bawa ya washe baki. "Ai ita ce zagayawar, Malam! Ku ci, ku shiga nan, iskarsa ta taru ta zagayo ta dafa, ku sake ci."

"Miyar jiya fa?"

"Wannan ta baƙin da suka riga ku ce. Taku tana nan tafe."

Yaya Malam ya yi salati ya sanar da Ubangiji. Turawa kuwa sai ɗaukar ramin hoto suke, wata har da shafa murfin. Ashe duk dariyar da aka yi mana a iyaka, jami'in nan shi ya fi kowa fahimtar tafiyarmu. Bawa ya yi ta bayani cewa iska ce kawai take isa murhu, ba abin da yake taɓa tukunya. Yaya ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Ku ji hukuncina. Ba zan ci ba, ba kuma zan bayar ba."

Ya kuwa cika alkawari, duka biyun. Ya koma kan ƙuli-ƙulina da dambu, safe da rana da yamma, ba ganye ba miya. Ku da kuka san aikin ƙuli a ciki ba sai na yi muku bayani ba. Cikinsa ya yi tauri kamar ganga, fuska ta murtuke, ko gaisuwa ba ya amsawa sai da ka. Na lallaɓa na ce, "Yaya, ai ba dole sai mun yi wannan ɗin a gida ba." Ya daka min tsawa. "Abin da kike so ki kawo gidan Baba ke nan? Mu koma, magini ya fara." Na shiga ɗaki na zauna kan tsohuwar ƙofar nan na yi kuka mai isata. Na zo neman abin da zai ceci soro, ga shi na jawo abin da zai rushe shi da wuri.

Da abin ya ishe shi, wata safiya gari na wayewa ya ɗauki butarsa ya nufi dajin da ke bayan masaukin. Ina baranda ina kallo. Abin da bai sani ba, dajin nan shi ne inda baƙi suke zuwa kallon tsuntsaye, ga su nan kuwa sun fito da madubin hangen nesa rataye a wuya. Suka ga dattijo cikin farar riga yana sanɗa, yana waige-waige, yana buɗa ciyawa a hankali. Suka ce lalle wannan gwani ne, ya san inda tsuntsu yake. Suka bi shi a layi, shiru, kan yatsun ƙafa. Ya ƙara sauri, suka ƙara. Ya samu wani duhuwa ya tsuguna, duk suka tsuguna a bayansa suka ɗaga madubi. Ya waiwaya ya kaɗa musu hannu su tafi, suka ɗauka umarni ne, suka bazu suka yi masa ƙawanya. Allah da ikonsa sai ga wani tsuntsu mai dogon bindi ya tashi fir daga kansa. Sai tafi! Haka ya dawo da butarsa cike, gumi har gemu. Wata tsohuwar Baturiya ta aiko Bawa ya tambaya ko gobe ma Malam zai fita, tana so ta riƙe wuri a gaba.

A ranar ne da hantsi aka tara baƙi wurin wani ɗaki da ruwa ya kayar wa bango. Ba a zubar da ƙasar ba, an farfasa ta an jiƙa, baƙi suka tuɓe takalma suna takawa suna ƙyalƙyala dariya. Yaya na zaune gefe yana harararsu, cikinsa na cinsa. Can ya kasa haƙuri. "Kai! Wa ya ce haka ake yi? Rawa kuke ko cuɗa ƙasa? Ina ciyawar? Da diddige ake yi, da diddige!" Ba wanda ya gane, sai kawai na ga ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya ɗaure babbar riga a ƙugu ya faɗa ciki. Rabona da ganinsa cikin laka tun ina yarinya, lokacin da shi da Baba suke cuɗa ta bayan damina ni ina kawo musu ruwa. Yana takawa yana faɗa, da ni yake, ba tare da ya dube ni ba. "Ƙasar soronmu ba a taɓa sayo sabuwa ba, Lami. Baba ya ce tun kakansa ita ce dai, ta faɗi a tashe ta, ta faɗi a tashe ta." Bawa ya fassara wa Madam, ita kuma ta ce a gaya masa ai a gidanmu ta fara jin haka, shi ya sa ba ta zubar da tata.

Bai ji amsar ba. Taka ƙasar nan ta yi abin da daji bai yi ba. Na ga ya tsaya cak, ido ya fito, ya fizgi buta, ya ruga da ƙafafu duk laka, kai tsaye zuwa ban ɗakin da ya rantse ba zai shiga ba. Ya daɗe. Da ya fito fuskarsa ta sake kamar ta jariri, Bawa ya tare shi ya rusuna. "Malam, Madam na godiya da gudummawa." Daga nan har muka taho ayaba kawai yake ci, Bawa ya buɗe baki zai gaya masa ruwan da take sha na take masa ƙafa.

Ni kuwa na zauna da Madam na kwashi abin da zan iya ɗauka. A tace ruwa a randa a zuba wa baƙi a kwalba, a huta da roba. Ragowar abinci a ba kaji, sauran shara ta ruɓe a ba manoman ƙauye da suke shigowa neman taki. Yaɓen da yake ba mu wahala kuma a sa shi lokacin da baƙi suke nan, tun da ashe akwai masu sha'awar shiga laka. Ina ji ina gyaɗa kai, amma zuciyata na cewa wane soro za ki yi wa duk wannan?

A hanyar dawowa Yaya ya rungume butarsa yana kallon taga. Magana ɗaya na ji ya yi, a iyaka, da jami'in nan ya hango mu ya taso da murna. "Baba! An samu an zagaya?" Ya ce, "An samu."

Muka shigo Zariya da la'asar, gari jiƙe sharkaf. Tun daga bakin lungu na hango abin da ya tsinka min gaba. An yi ruwa mai ƙarfi bayanmu, kusurwar soron ta zube. Shi kuma magini ya ga haka ya ce ai Allah ya fara masa aiki, ya kawo leburori da baro suna kwashe ƙasar suna kai wa kududdufi. Na tsaya jikin bangon maƙwabta. Na ce shi ke nan, ko shawara ba a jira ba.

Sai na ji tsawa. "Kai! Ajiye baron nan!"

Yaya Malam ne, jaka a kafaɗa, buta a hannu. Magini ya ce, "Malam, ai ƙasa ce kawai." Ya ce, "Ƙasar ubanka ce? Duk baron da ya fita ya dawo, har na cikin kududdufin." Ya isa kan tulin yana tona shi da sanda yana mita. Ya sunkuya ya ɗauko wani tubali da bai fashe ba, ya share shi da hannun riga. Na matso. Shatin yatsu ne a jikinsa, inda mai curawa ya danna tun yana ɗanye, babu na tsakiya. Yaya ya ɗora hannunsa a kai, yatsa cikin yatsa, nasa na tsakiya ya rasa wurin zama.

Sannan ya miƙa min shi ya ce in ajiye a ɗaki, wannan ba za a jiƙa shi ba, yadda yake zai koma bango. Ya share ido da gefen rawani, wai ƙasa ce ta faɗa masa. Ya gyara murya irin ta kotu.

"Sharaɗi ɗaya, Lami. Ƙasa ta zagaya, ruwa ya zagaya, shara ta zagaya, na yarda. Amma a gidan nan, wanda ya zagaya, abin da ya bari ya bari ke nan."

Na ce, "To, Yaya."

Ya tuɓe takalmi ya fara naɗe wando. Ya ce, "Me kike tsaye yi? Kawo ruwa."